Neman rezo a zango da ruga: tarihin salula a ƙasar Arewa

Ƙasarmu ta Arewa, wato ƙasar Arawa da Gubawa da ke gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso, ƙasa ce mai hawa biyu. Akwai ƙasa, cikin kwarin Dallol Mauri, inda ruwa yake kusa, gawo da goriba suka yi yawa, garuruwa suka jeru. Akwai kuma sama, kan faƙo da duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, irin wanda ya ba garin Dogon Dutsi sunansa. Wannan fasali shi ya nuna wa kakanninmu inda za su kafa gari, ya nuna wa fatake inda za su yada zango, ya nuna wa makiyaya inda za su bi da bisashe. Yau kuma shi yake yanke hukuncin inda salula za ta kama da inda za ta koma tocila kawai. Abin da nake so in bi diddiginsa, ya ku iyaye da ƴan uwana malamai, shi ne yadda mutumin da ke kan hanya, wanda makwancinsa na yau ba shi ne na gobe ba, ya yi ta neman dabarar isar da magana gida.

A da magana ba ta wuce saurin ƙafar mai ɗauke da ita. Falke mai gishirin Foga in ya yada zango, shi ne gidan waya, shi ne jarida. Ko Bature da ƙarfinsa bai tsallake wannan doka ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Ɗan Kasari ta yanzu. Labarin ɓarnar da rundunar ta yi ta tafkawa a kan hanyarta bai isa Faransa ba sai ta wasiƙar wani hafsa da aka kora daga cikinta. Da gwamnatinsu ta ga ya kamata a tsayar da su, ba ta da hanyar yi musu magana, sai ta tura Kanar Klobb ya bi sawu. Ya yi kusan wata uku yana bi, bai cim musu ba sai ranar 14 ga Yuli, can kusa da Tasawa, inda suka harbe shi. Garuruwa nawa aka ƙone a tsakanin fitar umarni da isarsa? Ina yawan kawo wa ɗalibai wannan misali in muna darasin tarihi, don su gane cewa jinkirin saƙo ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan mulkin mallaka ya zauna, an ja wayar tangarahu tsakanin barikoki. Daga nan muka gaji kalmar waya, wadda asalinta sunan zaren ƙarfen ne da Ingilishi, kuma ni a ganina daga ƙwanƙwasa na'urar tangarahu muka samo "buga waya" da muke faɗa har yau, alhali ba abin da muke bugawa. Amma wannan waya ta hukuma ce. Ko bayan samun ƴancin kai a 1960, tarho yana ofishin hukuma ne, da jandarmeri, da gidan waya. Kamfanin SONITEL da aka kafa a 1997 ya gaji layukan da ba su wuce manyan garuruwa ba, kuma a ƙarshen ƙarnin layin tarho bai wuce biyu ga kowane mutum dubu ba a faɗin Nijar. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Kumasi ko Abijan yana aiko da wasiƙa ta hannun direba, a nemo ɗan lekol ya karanta wa tsohuwa, ya kuma rubuta amsa. Daga baya kaset ya shigo, ya raba mutane da ɗan karatun da ke jin sirrinsu: a zauna a ɗaki a yi wa rikoda magana, a naɗe kaset a takarda, a ba mai tafiya. Makiyayi kuwa, da ke can cikin daji da garke, sai ranar kasuwa yake jin wanda ya mutu da wanda ya haihu.

Salula irin ta GSM ta shigo Nijar a 2001. Kamfanoni uku suka fara, Celtel da Telecel da SahelCom, daga baya Orange ya zo a 2008. Sunaye sun yi ta sauyawa har wasu tsofaffi suka daina bi: Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, Telecel ya zama Moov, an haɗe SONITEL da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecoms, Orange ya sayar da nasa a 2019 ya zama Zamani. Abin da bai sauya ba shi ne lissafin da kamfani ke yi kafin ya kafa dogon ƙarfen nan da muke kira antan. Yana kallon yawan jama'a, da kasuwa, da hanyar da motar gazal za ta bi ta kai wa injin wuta mai. Saboda haka rezo ya bi kwalta. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ita ta fara samu, sannan a hankali garuruwan kasuwa da ke nesa da ita.

Amfanin abin ya fito da wuri. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya mai suna Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina ɗora buhuna a mota bisa jita-jita, yana tambaya kafin ya tashi. Sai dai wannan riba ta mai zama kusa da antan ce. Burtali ba ya bin kwalta, gudunta ma yake yi. Bafillace ko Buzu da ke hawa arewa da damina ya sauko Dallol bayan kaka, yana kwana ne daidai wuraren da kamfani ya ga ba riba. Dokar ƙasa ta 2010 kan kiwo ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, amma ba wata doka da ta sa rezo ya bi shi. Ga shi kuma yana cikin masu tsananin bukatarsa: yana so ya san ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki, ya san rijiyar da ta ƙafe, ya san inda ciwon dabbobi ya ɓulla. Garken da ya shigo gona kwana uku kafin a kwashe amfani, duk mun san abin da ke iya biyo baya.

Mu ma malaman ƙauye mun ɗanɗana. Waɗanda muka fito daga makarantar horon malamai a farkon shekarun 2000, mu ne rukunin farko da aka tura bakin aiki da salula a aljihu ba inda za ta kama. A kowane ƙauye da ba antan, sai ka tarar mutane sun riga sun auna ƙasarsu da ƙafa: akwai tudun da ake zuwa, akwai bishiyar da ake rataye waya a reshenta cikin ƴar jaka, akwai kusurwar katangar makaranta da in ka matsa taku biyu magana ta yanke. Baƙo ba ya bukatar bincike, ƙaramin yaro zai kai shi. Makiyaya sun fi kowa ƙwarewa a nan, domin a yanzu mai zaɓen mashekari yana duba ruwa da ciyawa, yana kuma duba ko akwai tudu kusa da za a hau a yi kira.

Wannan sani ba camfi ba ne, kimiyya ce tsantsa, kuma a nan nake so malamai su tsaya. Igiyar rediyon da ke ɗauke da maganar salula kusan miƙe take tafiya, kamar haske. Dutse yana tare ta, tudun ƙasa yana tare ta, ganye mai ruwa yana shanye wani sashe nata, kuma ita kanta duniya da take ƙunduduwa tana ɓoye antan in nisa ya yi yawa. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da ɗan aji uku na kwalej zai iya yi. Ka ɗauki tsayin wurin da kake a mita, ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsayi, ka ninka ta da 3,6. Abin da ya fito shi ne kimanin kilomitocin da ido ko igiya za su kai kafin ƙasa ta lanƙwashe. Mutum a tsaye, waya a kunne, bai wuce kilomita huɗu da rabi ba. Wanda ya hau saman lodin babbar mota, mita 4, ya samu kilomita 7. Wanda ya hau dutse mai mita 25 ya samu 18. Antan mai mita 49 yana hangen kilomita 25. In ka haɗa na antan da naka, ka san iyakar da za ku iya ganin juna a fili marar shinge. A zahiri ba a kai wannan adadi, domin ƙarfin igiya yana raguwa da nisa, kuma tsarin GSM na asali ba ya karɓar wayar da ta wuce kilomita 35 ko da tana ganin antan ƙuru-ƙuru. Amma lissafin ya isa ya bayyana abin da ya sa mutumin da ke gindin dutse cikin Dallol ba ya samun komai, ɗan uwansa da ke bisa faƙo, wanda ma ya fi shi nisa da gari, yana hira.

Akwai abin da ke ruɗa mutane da yawa: waya ta nuna sanda ɗaya ko biyu, amma kira ya ƙi fita. Antan yana da murya babba, yana da wuta da manyan na'urori. Ita waya ƙarfinta bai wuce wat 2 ba. Tana jin antan, shi ne ba ya jin ta, kamar yadda kake jin ladan daga nesa amma shi ba zai ji amsarka ba. A irin wannan wuri rubutaccen saƙo yakan wuce inda murya ta kasa, domin ɗan ƙanƙanin lokaci yake bukata. Shi ya sa kuma batir ke saurin ƙarewa a daji: waya tana ta ƙwala kira da iyakar ƙarfinta tana neman mai amsawa. Matafiyin da ya san haka yakan kashe wayarsa a kwari, sai ya hau tudu ya kunna. Sannan ba banza ba makiyaya suka riƙe ƙananan wayoyi masu maɓalli. Tsohon layin 2G da ke aiki a kan megahaz 900 ya fi na sama da shi nisan zango da iya ratsa shinge, ga batir mai kwana da kwanaki. Mai babbar waya ma in ya shiga saitinta ya tsayar da ita a kan 2G, sau da yawa kiran da ya ƙi fita zai fita.

Wani babi na wannan tarihi shi ne iyaka. Gabas da kudu maso gabashinmu jihohin Sakkwato da Kebbi ne, kuma igiyar rediyo ba ta san kwastan ba. Nijeriya ma a 2001 ta fara GSM, don haka akwai ƙauyukan bakin iyaka da antan na ƙetare ya fi na gida kusa da su. Mutum yana kwance a ɗakinsa cikin Nijar, wayarsa ta ɗauka ya yi tafiya, ta kama layin waje, kiredi ya zube. A 2007 Celtel ya shigar da Nijar da Nijeriya cikin tsarinsa na layi ɗaya marar iyaka, abin ya yi wa ƴan ci-rani sauƙi. Amma maganin da talaka ya samo wa kansa shi ne layi biyu ko uku, kuma wayoyi masu cin layi biyu irin su Tecno da Itel sun samu karɓuwa ne saboda sun zo daidai da wannan bukata. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Dutsi da Kebbi ya san daidai wurin da zai sauya layi, kamar yadda ya san ramukan hanya. A watan Satumba na 2021, lokacin da hukumomin Nijeriya suka rufe layukan salula a Zamfara da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, abin ya juya: mutanen bakin iyaka na can su suka koma neman rezon Nijar.

Masu mota suna da tasu matsala. Jikin mota ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare igiya, kamar yadda ɗakin kwano ya fi ɗakin kara hana rezo. Direban tirela da dare ya yi masa a daji, ko ma'aikatan allurar rigakafi da ke kwana a ƙauyuka, in suka zauna cikin mota suna ɗaga waya ta taga wahala kawai suke sha. A Amurka akwai mutane masu yawa da ke yawon hutu, wasu ma suna zaune dindindin, cikin manyan motoci masu ɗakin kwana da madafa, suna yada zango a dazuzzuka. Damuwarsu ita ce tamu, kuma in ka duba maganin da suka samo, dabarar Bafillace ce aka sa wa wayar lantarki: eriya a bisa dogon sanda a saman mota, a juya ta wajen antan, a ja igiya zuwa wata na'ura mai ƙara ƙarfi, ita kuma ta watsa cikin mota. Hukumar sadarwa ta ƙasarsu sai da ta kafa wa waɗannan na'urori ƙa'idoji a 2013, domin marar kyau tana dagula layin kowa.

Irin waɗannan na'urori sun fara shigowa kasuwanninmu, kuma ya kamata iyaye su san abu biyu kafin su zuba kuɗi. Na'urar ba ta ƙirƙirar rezo. Abin da eriyar waje ta tsinto shi take ƙarawa, in babu komai a sama to babu komai a ƙasa. Kuma in eriyar waje ta yi kusa da ta ciki, na'urar takan riƙa jin muryar kanta tana maimaitawa, irin ƙarar da lasifikar masallaci ke yi in makirufo ya matso ta, sai ta toshe wa maƙwabta layi. Igiyoyin nan hukumar ARCEP ce ke rabon su, ba a watsa komai a kansu da ka. Ita kuwa ƴar takardar nan mai ƙyalli da ake mannawa a bayan waya wai tana jawo rezo, ba ta da wuta, ba ta da eriya, ado ce kawai. Dabarar da na ga tana aiki ba tare da kashe ko dala ba ita ce ta samari: a ɗaure babbar waya a kan dogon sanda ko a ɗora ta bisa rumfa, a buɗe mata wifi, na ƙasa su kama daga gare ta. Saƙon murya na WhatsApp ma ya dace da matafiyi, domin yana iya ɗaukar maganarsa a ruga, ta jira a cikin waya har ya hau tudu ta tafi da kanta. Kaset ɗin iyayenmu ne ya dawo, sai dai ba direba.

Wani lokaci kuma laifin ba na tudu ba ne ba na waya ba. Antan yana cin wuta dare da rana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma kowa ya ga yadda sadarwa ke rataye da lantarki da gazal. In antan ya mutu, ko ƙololuwar dutse ka hau ba abin da za ka samu. A 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar bisa izini, shi kuwa daga tauraron ɗan adam yake sauko da intanet, bai damu da kwari ko tudu ba, fili kawai yake so. Amma kuɗin faifansa da na wata-wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin mai garken awaki. Zai fi dacewa da makaranta ko gidan likita ko ƙungiyar makiyaya da za su haɗa kuɗi.

Abin da ya sa na ga wannan magana ta shafi makaranta kai tsaye shi ne wani gwaji da aka yi a jiharmu. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services tare da masu bincike, ciki har da ita Jenny Aker, sun gudanar da shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram. A rabin ƙauyukan an haɗa karatun manya da koyon aiki da salula, kuma waɗannan sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Wanda ya koyi baƙi ya samu inda zai yi amfani da shi kullum, ba ya mantawa. To amma irin wannan shiri yana yiwuwa ne inda waya ke kamawa. Ɗan ruga, wanda dama makaranta ta fi yi wa nisa, shi ne kuma rezo ya fi yi wa nisa.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Yaro ake aika ya hau bishiya ko dutse da waya, domin shi ne marar nauyi. Da rani faɗuwa ce abin tsoro. Da damina kuwa, wurin da ya fi ko'ina kama rezo, wato mafi tsawo a fili, shi ne wurin da tsawa ta fi faɗawa, kuma dogon sandan ƙarfe da aka kafa wa eriya yana ƙara kiran ta. In hadari ya haɗu, kiran ya jira. A sassan arewacin gundumar Dutsi, wajen Dogon Kirya da Sukukutan, inda tsaro ya taɓarɓare a shekarun nan, fita bayan gari da dare da hasken waya a hannu ya zama wani haɗarin na daban, musamman ga ƴan mata.

Ga aikin da malamin lissafi ko na labarin ƙasa zai iya yi da waya ɗaya tak. Sandunan da waya ke nunawa ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Amma cikin saitin yawancin manyan wayoyi akwai lamba ta gaskiya da ake rubutawa da dBm, mai alamar ragi a gabanta: -70 rezo ne mai kyau, -110 ya kusa ɓacewa, kuma duk matsawar maki 3 tana nufin ƙarfi ya ninka ko ya rabu biyu. A fita da ɗalibai da rana, a auna a bakin rijiya, a filin makaranta, a kan tudu, a mashigar burtali, a cikin aji mai kwano da cikin aji na zana, kowane layi da lambarsa. A dawo a zana taswirar ƙauye a sa lambobin. Kwafi ɗaya a manna a makaranta, ɗaya a kai wa mai gari, ɗaya a ba ardo kafin garkuna su sauko, ɗaya kuma a haɗa da takardar da ƙungiyar iyayen yara za ta aika wa magajin gari in ana neman a kafa antan.